Rufin Jan Bulo Mai Rodi: Dabarar Da Ta Rage Wa 'Yan Kasuwar Urugwai Kuɗin Gini

A tashar jiragen ruwa ta Montevideo, babban birnin ƙasar Urugwai da ke Kudancin Amurka, akwai wani katafaren sito wanda faɗinsa daga bango zuwa bango ya kai mita 50, ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa ba. Rufin wannan sito ba na kwano ba ne, ba kuma na zubin kankare ba. Da jan bulo aka yi shi, wato bulon yumɓu da aka gasa, aka jera shi ɗaya bayan ɗaya, aka ratsa siraran rodi a tsakanin layukansa. Kaurin rufin gaba ɗaya bai wuce santimita 12 ba, wanda idan aka auna shi da faɗin da ya rufe, za a ga cewa ɓawon ƙwai ma ya fi shi kauri.

An yi wannan aiki ne tsakanin 1977 da 1979, kuma yadda aka sami kwangilarsa abin lura ne ga duk mai harkar gine-gine. Hukumar tashar ta nemi 'yan kwangila su rushe tsohon siton da ke wurin su gina sabo. Shi kuwa Injiniya Eladio Dieste sai ya kawo shawarar a bar tsofaffin bangayen a tsaye, tun da ba su yi laifin komai ba, a ƙarfafa su, sa'an nan a ɗora musu sabon rufi. Farashinsa ya zo ƙasa da na sauran, aka ba shi aikin.

An haifi Dieste a garin Artigas da ke kan iyakar Urugwai da Barazil a 1917, ya kammala karatun injiniya a jami'ar gwamnati ta Montevideo a 1943, ya kuma rasu a shekarar 2000. Bai taɓa karatun zanen gine-gine ba. A tsakiyar shekarun 1950 ne ya haɗa gwiwa da wani abokin karatunsa, Injiniya Eugenio Montañez, suka kafa kamfanin gine-gine mai suna Dieste y Montañez, wanda ya rufe fili fiye da murabba'in mita miliyan 1 da irin wannan rufi a Urugwai da Barazil da Ajantina, daga baya kuma har ƙasar Sifen. Yawancin waɗannan gine-gine masana'antu ne da rumbunan hatsi da kasuwanni da tashoshin mota da ɗakunan wasanni, wato gine-ginen da mai su ke lissafin kowane kwabo kafin ya sa hannu a takarda.

Dalilin da ya kai shi ga jan bulo kuwa, dalili ne na tattalin arziki tsantsa. Urugwai ƙaramar ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 3 da rabi, wadda ta daɗe tana dogara ga sayar da nama da gashin tumaki. A wancan zamani ƙarfen gini daga waje ake kawo mata shi, kuma da yake ƙasar makiyaya ce mai yawan ciyawa da ƙarancin daji, katako ma yana da tsada. Daga tsakiyar shekarun 1950 farashin gashin tumaki ya faɗi a kasuwannin duniya, kuɗin musaya ya yi wuya, duk abin da za a sauke daga jirgin ruwa ya zama sai mai hali. Abin da ƙasar ke da shi a wadace shi ne yumɓu, da masu gasa bulo a gefen kowane gari, da birkiloli waɗanda suka gaji sana'ar daga kakanninsu da suka yi ƙaura daga Sifen da Italiya. Dieste ya dubi abin da ke hannu ya gina dabararsa a kansa.

Farkon haɗuwarsa da wannan aiki ita ce a wajen 1946, lokacin da wani mai zanen gine-gine ɗan yankin Kataloniya, Antonio Bonet, ya nemi ya yi masa lissafin rufin kankare na wani gida a Punta Ballena. Dieste ya ba da shawarar a yi rufin da bulo, a sa masa 'yar rodi kaɗan. Rufin ya tsaya, shi kuma ya kama hanyar da bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarsa.

Domin a fahimci yadda abu marar kauri haka yake ɗaukar kansa, sai an koma ga halin bulo da na ƙarfe. Bulo yana jure danni ƙwarai, amma ba ya jure ja. Idan aka lanƙwasa shi ko aka ja shi sai ya tsage. Ƙarfe kuwa ja ne ƙarfinsa. Saboda haka aikin injiniya shi ne ya nemo surar da za ta sa nauyin rufi ya riƙa bi ta cikin bulon yana danna shi kawai, har ya sauka a kan bango. Wannan sura tun 1675 wani masanin Ingila mai suna Robert Hooke ya gano ta. Idan aka kama sarƙa ta bakinta biyu aka bar ta tana reto, za ta yi wani lanƙwaso wanda babu komai a cikinsa sai ja. Idan aka kifar da wannan lanƙwaso ya dubi sama, ya zama baka, to babu komai a cikinsa sai danni. Yawancin rufin Dieste a kan wannan lanƙwaso na sarƙa aka tsara shi, shi ya sa nauyin da ke kan kowane bulo ƙanƙane ne idan aka kwatanta da abin da zai iya ɗauka.

Sai dai kuma akwai wata matsala. Baka mai faɗi da rashin kauri ba murƙushewa yake yi ba, lotsawa yake yi, kamar yadda falle ɗaya na takarda ke lotsawa idan aka tsayar da shi aka danna. Hanyar da aka saba bi ita ce a ƙara kauri, wanda ke ƙara nauyi, nauyin kuma ya nemi ƙarin kauri da ƙarin kuɗi. Dieste bai ƙara kauri ba, sai ya yi wa rufin tudu da kwari. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon rufi ya san cewa shimfiɗaɗɗen falle yana lanƙwashewa a hannu, amma mai tudu da kwari yana ɗaukar mutum. Haka rufin Dieste yake: a tsakiya, inda haɗarin lotsawa ya fi yawa, tudun da kwarin suna da zurfi, suna kuma raguwa a hankali har su baje sarai a inda rufin ya sauka a kan bango. Wannan ya sa bangon ya zama miƙaƙƙe na yau da kullum, wanda kowane birkila zai iya ginawa. Ya raɗa wa wannan rufi sunan Gauss, wani masanin lissafi na Jamus.

Rodin da ke tsakanin layukan bulon sirara ce, aikinta shi ne ta ɗaure rufin ya zama abu guda, ta kuma karɓi ɗan jan da iska ko zafin rana ko nauyin da ya faɗa gefe guda zai haifar. A saman bulon ana shimfiɗa ragar waya, a bi ta da shafen siminti da yashi na santimita 2 ko 3. Da yake kowane baka yana tura bangayen da ya zauna a kansu waje, akan ɗaure bangayen biyu da sandunan ƙarfe da ke ratsa ɗakin daga sama. A masana'antu da dama, kamar masana'antar TEM ta Montevideo mai faɗin mita 43 wadda aka gina a farkon shekarun 1960, da kuma siton tashar jiragen ruwa, an yanka rufin gunduwa-gunduwa, bakin kowace gunduwa ya ɗara na mai bi mata tsawo, aka sa gilashi a tsakani. Da rana ba a bukatar kunna fitila a ciki.

Ga ɗan kasuwa, inda ribar take shi ne wajen gadon katakon da ake ɗora ginin a kansa kafin ya bushe. Duk wanda ya taɓa zuba dakin ya san cewa sai an shimfiɗa katako a ƙarƙashin wurin gaba ɗaya, a kafa masa sanduna, a zuba kankare, sa'an nan a jira makonni kafin a cire. Katakon da kuɗin kafinta da kwanakin jira sukan cinye kaso mai tsoka na kuɗin aikin, kuma wannan ne ya sa siraran rufin kankare masu lanƙwaso, waɗanda suka yi tashe a Turai da Meziko a shekarun 1950, suka daina biyan kuɗinsu. A rufin bulo kuwa, mafi yawan abin da ke kan gadon ya riga ya ƙanƙare tun daga tanderu. Ɗanyen abu kawai shi ne kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo, shi ma bulon yana tsotse ruwansa ya kama da wuri. Daɗin daɗawa, surar rufin ba ta ɗora wa kwaɓin nauyi mai yawa. Saboda haka Dieste yakan sauke gadonsa bayan kwana guda kacal.

Gado ɗaya tak ake ƙerawa, daidai faɗin gunduwa ɗaya ta rufin, a ɗora shi a kan ƙarfe mai taya. Birkiloli su jera bulo, su sa rodi, su cike da kwaɓi, su yi shafe. Kashegari a sassauta jak, gadon ya sauko, a tura shi gaba, a ɗaga, a fara gunduwa ta biyu. Idan rufin gunduwa 10 ne, an raba kuɗin katako gida 10 ke nan, kuma idan an gama ana iya kwance gadon a kai shi wani aikin. Sauke gadon da wuri shi kansa jarrabawa ce, domin a ranar ne rufin ya fi kowane lokaci rauni, idan ya tsaya a ranar to ƙarfinsa ƙaruwa kawai zai riƙa yi.

Akwai kuma rufi iri na biyu, wanda ya fi ba baƙo mamaki. Wannan dogon baka ne kamar an tsaga ganga gida biyu an kife, amma maimakon ya zauna a kan bango a duk tsawonsa, sai ya zauna a kan 'yan ginshiƙai kaɗan, ya ɗauki kansa kamar gungumen azara. A tashar motocin safa ta garin Salto, wadda aka gina a farkon shekarun 1970, layin ginshiƙai ɗaya ne a tsakiya, rufin ya miƙe fiye da mita 10 ta kowane ɓangare babu abin da ya tallafe shi, motoci suna shiga ƙarƙashinsa su yi lodi. Abin da ke riƙe da shi wayoyin ƙarfe ne da aka ɗaure tamau a bisa doron rufin, suna matse bulon tun kafin nauyi ya hau. Injinan ɗaure irin wannan waya na Turai suna da tsada, don haka Dieste ya ƙirƙiro tasa hanyar: a shimfiɗa wayar a zagaye kamar zobe mai tsawo, a kafe bakinta biyu, sa'an nan a matse tsakiyarta da jak har gefunan su haɗu, a ɗaure, a rufe da kwaɓi. Da irin wannan rufi aka gina masana'antar kayan gona ta Massaro a yankin Canelones a ƙarshen shekarun 1970.

Kazalika kamfanin ya gina dogon rumbun hatsi a garin Young, da wurin tattara lemo a Salto, da babbar kasuwar kayan gwari ta birnin Porto Alegre a Barazil, da wurin gyaran jiragen ƙasa na birnin Rio de Janeiro, da hasumiyoyin tankin ruwa masu yawa, har da rukunin kantuna na Montevideo Shopping da aka buɗe a 1985.

Amma ginin da ya fitar da sunansa duniya coci ne, a wata unguwar ma'aikata da manoma da ake kira Estación Atlántida, kimanin kilomita 45 daga Montevideo. Wani mai hali ne da matarsa suka ɗauki nauyin aikin, kuma kuɗin da suka tanada na gina sito ne kawai. An yi aikin tsakanin 1958 da 1960. Faɗin ginin mita 16 ne, tsawonsa mita 30, bangayensa masu tsayin mita 7 sun tashi a miƙe daga ƙasa, suna hawa suna lanƙwasa har suka zama kamar igiyar ruwa a sama, inda suka haɗu da rufin da shi ma yake tudu da kwari. Babu ginshiƙi, babu fenti, babu shafe a ciki. Bulo ne tsirara. A watan Yulin 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan coci cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Dieste mutum ne mai riƙo da addininsa na Katolika, kuma yana da ra'ayi mai ƙarfi game da abin da ake kira arha. A ganinsa akwai arhar da ke cikin littafin akawu, akwai kuma arhar da ta dace da tsarin duniya, wadda ba ta ɓarnatar da kaya ba ta kuma wulaƙanta ma'aikaci. Ya sha sukar yadda ƙasashe matalauta ke kwaikwayon hanyoyin ginin ƙasashe masu arziki, waɗanda aka tsara domin wurin da ƙarfe ke da arha lebura ke da tsada, alhali su nasu halin akasin haka ne. Ko mutum bai yarda da falsafarsa ba, lissafin a fili yake: a rufinsa mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga mai gasa bulo da birkila da lebura na cikin gida, kaɗan ne ke fita waje.

Ba shi ne ya fara sa ƙarfe a cikin bulo ba. Injiniya Marc Brunel ya yi haka a 1825 wajen gina rijiyar shiga ramin da aka haƙa a ƙarƙashin kogin Thames a Landan. A Indiya, injiniyoyin gwamnati sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kan bulo mai rodi, aka buga sakamakonsu a 1923. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, girgizar ƙasar Long Beach ta 1933, wadda ta rushe makarantu da dama na bulo, ita ta sa aka tsaurara dokar gini har rodi ta zama dole. Ta fuskar siraran rufi ma, Rafael Guastavino, wanda ya tashi daga Sifen zuwa New York a 1881, ya rufe ɗaruruwan gine-gine a Amurka da faifayen bulo da ake manna su hawa-hawa. Abin da Dieste ya ƙara shi ne haɗa rodin da surar da kuma gado mai tafiya wuri guda, har abin ya iya gogayya da ƙarfe da kankare a gaban mai ba da kwangila.

Ga mutumin ƙasar Hausa, batun ƙarfafa baka da wani abu mai jure ja ba baƙo ba ne. Bakan gizo da ake gani a sorayen sarakuna da manyan zaurukan Kano da Zariya da Katsina, ginin ƙasa ne wanda aka sa wa azara a ciki. Magini yana kafa azarar giginya a jikin bango, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce ta farko, ya bi da ƙasa, ya bari ta sha iska, haka hawa-hawa daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama. Azarar ita ce rodin, tubali da ƙasa su ne bulon. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajen shekarun 1830 zuwa 1840, shi ne ƙololuwar wannan fasaha. Iyakarta dai ita ce faɗi, domin bakan gizo bai cika wuce mita 8 ba, ga kuma yaɓe da yake bukata duk shekara. Gasa bulo ma yana da tarihi a nan, domin har yanzu ana ganin jan bulo a kufan Birnin Ngazargamu da na Gambaru a Jihar Yobe, inda sarakunan Borno suka yi fadojinsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Idan dai ba a manta ba, a 1975 Nijeriya ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga waje, ɗaruruwan jirage suka cunkushe tashar Legas wata da watanni, gwamnati na biyan kuɗin jira. A shekarun da suka biyo baya Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Ƙasa ta kafa masana'antun jan bulo a garuruwa irin su Jos da Kaduna da Kano da Maiduguri, aka kuma kafa Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa a 1978 domin bunƙasa kayan gini na cikin gida. Amma bulon siminti ne ya ci kasuwa, jan bulo ya koma kayan ado a fuskar gida. Yau ƙasar na yin simintinta a Obajana da Ashaka da Sakkwato da Ewekoro da sauransu, duk da haka a farkon 2024, bayan faɗuwar darajar Naira, buhu ɗaya ya haura Naira 10,000 a garuruwa da dama. Ƙarfe da kwanon rufi, waɗanda suka fi dogara ga kuɗin musaya, su ma sun bi sahu. Ɗan kasuwar da ke son gina sito a Dawanau, ko injin casar shinkafa a Kura ko Argungu, rufi ne ke fara tayar masa da hankali, domin faɗin mita 20 ko 30 ba tare da ginshiƙi ba yana nufin tan-tan na ƙarfe.

Ban da farashi, akwai zafi da gobara. Rufin kwano yana mayar da sito tanda a watan Afrilu, hatsi da magani da kayan gwangwani su sha wahala, ma'aikata su galabaita. Bulo kuwa yana jinkirta shigar zafi, ba ya kuma ƙara idan ana ruwa. Gobarar da ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta nuna yadda wuta ke gudu a rufin katako da kwano. Rufin bulo ba zai hana kaya ƙonewa ba, amma shi kansa ba makamashi ba ne.

To sai dai wannan dabara tana da nata sharuɗɗan, kuma wanda ya raina su zai yi asarar dukiya, wataƙila har da rayuka. Rufi mai kaurin santimita 12 ba ya yafe kuskure. Idan gadon ya kauce daga lanƙwason da aka lissafa, ko tushen bango ya zauna, ko aka yi wasa da sandunan da suka ɗaure bangaye, to rufin zai sauko. Bulon sai ya kasance girmansa ɗaya, gashinsa ɗaya, an kuma gwada ƙarfinsa; bulon da ake gasawa a bakin fadama, rabi ɗanye rabi ƙonanne, ba zai yi ba. Dieste ya yi nasara ne domin kamfaninsa shi ke zane, shi ke lissafi, shi ke gini, yana da shugabannin ma'aikata da suka shekara da shekaru tare da shi. Tsarin da aka saba da shi a nan, inda mai zane daban, ɗan kwangila daban, shi ma ya sayar wa wani, birkilolin kuma a ɗebo su da safe a bakin titi, bai dace da irin wannan aiki ba. A ƙasar da rushewar gine-gine ta zama labarin kowace damina, wannan ba ƙaramin gargaɗi ba ne.

Babban abokin gaban wannan rufi shi ne tsatsa. Rodin tana kwance ne a cikin kwaɓi ɗan kaɗan, idan ruwa ya sami kafa ya kai gare ta sai ta kumbura ta fasa bulon da ke gefenta. Wannan ya sa shafen saman rufin da magudanan ruwa suke bukatar dubawa a kai a kai, ba a gama a manta ba. A 2016 Gidauniyar Getty ta Amurka ta ba da tallafi domin a binciki cocin Atlántida a tsara yadda za a riƙa kula da shi. A wurare masu gishirin teku da yawan ruwa kamar Legas da Fatakwal haɗarin ya fi na Arewa.

Har ila yau akwai batun makamashi. Masana'antar siminti ce ke fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya, amma gasa bulo ma wuta yake ci. Idan da itace za a gasa bulon da zai rufe manyan sito-sito a Arewa, inda hamada ke matsowa, to an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tanderun zamani mai amfani da gas ko gawayin ƙasa ko ɓuntun shinkafa shi ne sharaɗi, kuma jarinsa ba na mutum ɗaya mai gina sito ɗaya ba ne. Ko a Urugwai, tashin kuɗin ƙwadago da saukin samun ƙarfen da aka ƙera tun daga masana'anta sun rage kasuwar wannan rufi tun daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Arharsa tana nan ne muddin hannu ya fi ƙarfe sauƙi.

Wannan ne ma ya sa a 'yan shekarun nan hankalin injiniyoyi ya karkato ga Afirka, da wasu sauye-sauye. A Afirka ta Kudu, ginin baƙi na wurin tarihi na Mapungubwe, wanda ya ci kyautar ginin shekara ta duniya a 2009, an rufe shi da faifayen ƙasa kimanin 200,000 waɗanda mutanen yankin suka matsa da injin hannu, aka sa musu ɗan siminti maimakon gashi. A Ruwanda, filin wasan kurket na Gahanga kusa da Kigali, wanda aka buɗe a 2017, yana da baka uku na irin waɗannan faifaye, mafi girmansu mita 16. Da yake yankin na fama da girgizar ƙasa, an shimfiɗa ragar roba mai ƙarfi a tsakanin hawa-hawan, wadda ba ta tsatsa. A Burkina Faso kuwa wata ƙungiya da aka kafa a shekarar 2000 tana koya wa magina rufin baka irin na mutanen Nuba na kogin Nilu, da ɗanyen tubali, babu katako babu kwano, aikin ya kuma yaɗu zuwa Mali da Senegal da Benin da arewacin Gana. Faɗinsa bai wuce na ɗakin kwana ba, mita 3 da 'yan kai.

Tsakanin wannan mita 3 da mita 50 na Montevideo akwai fili mai yawa, kuma a nan ne bukatun yawancin 'yan kasuwar ƙasar nan suka faɗa: rumfunan kasuwa, ajujuwan makaranta, ɗakin kaji, garejin gyaran mota, sito mai faɗin mita 10 zuwa 15. Mai sha'awar gwadawa zai bukaci injiniya mai rajista wanda zai sa hannu a lissafin, da masana'antar da za ta ba da bulo mai takardar gwaji, da amincewar hukumar tsara birane ta jiharsa. Zai kuma bukaci ya ware kuɗin gina gunduwa ɗaya ta gwaji a ƙasa, a loda mata buhunan yashi a auna yadda take lotsawa, kafin a ɗaga gado a kan bangon sito.